Kakanni Sun Ɗauki Kayanmu, Mu Tashi Mu Kama Musu

Ina kira ga duk wanda yake da kaka a raye, da wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya amma har yau bai manta da ɗumin ɗakinta ba. Ina kira ga masu unguwanni da limamai, da 'yan kasuwa da malaman makaranta, da samarin da ke zaman majalisa bayan isha'i, da matan da ke haɗuwa ranar kwasar adashi. Yau in kun fita, ku bi layinku da ido gida-gida, ku ƙirga gidajen da tsohuwa ko tsoho ke riƙe da jikoki, su ne cinsu, su ne shansu, su ne suturarsu, su ne masu kwana a zaune in zazzaɓi ya tashi. Duk wanda ya yi wannan ƙirgen tsakani da Allah zai sha mamakin yawansu, zai kuma ji kunyar daɗewar da ya yi yana wucewa ta ƙofarsu da "ina kwana" kaɗai.

Zaman jika a wurin kaka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. In lokacin yaye ya yi, ɗakin kaka ake kai yaro ya sha kunu ya manta da nono. In an haifi namiji aka sa masa sunan tsohon gida, sai a sakaya, ya tashi ana kiransa Abba ko Baffa. In mace ce ta ci sunan tsohuwa, ta zama Ummi ko Hajiya tun tana cikin zanen goyo. Tsohuwa ta kira jikanta maigidana ta nemi kuɗin cefane, ta kira jikanyarta kishiyata su yi ta tsokanar juna gida yana dariya. Abin da yaro ba ya iya faɗa wa uwarsa, musamman ɗan fari da ko sunansa ba ta kira, a kunnen kaka yake raɗa shi.

Amma a wancan tsarin kaka ba ita kaɗai ba ce. Bayanta akwai gandu, akwai rumbu, akwai uban yaro da ke auno hatsi, akwai baffanni da kawunnai da kowa ya san rabonsa. Nata aikin lallashi ne, da tatsuniya, da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane. Yau an wayi gari kayan duka sun koma kanta. Wadda ta gama renon 'ya'yanta ta aurar, tana sa ran ta huta ta ja carbi, ita ce ta sake ɗaura majanyi tana da shekara sittin ko saba'in, babu rumbu, babu mai aune, babu ƙarfin da.

Kowa ya san hanyoyin da suka kawo mu nan. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ke cin magidanta a arewa maso gabas, har a 2017 gwamnatin Borno ta ce marayun da ta ƙirga a jihar kaɗai sun haura 50,000. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, da ƙauyukan Maraɗi na bakin iyaka, 'yan bindiga sun tashi garuruwa, sun kashe maza a gona, sun kora mata daji. Wanda ya leƙa kangwayen da masu gudun hijira suka fake a Gusau ko Anka ko Jibiya, ya ga tsofaffin mata zaune a ƙasa, yara sun kewaye su.

Ga kuma mutuwar da ba a jin ƙararta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa cikin matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a faɗin duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne. Sau da yawa mace ta tafi a kan gwiwa ta bar jinjiri, kafin a share makoki an miƙa shi ga kakarsa. Ga mutuwar aure, wadda yawanta ya sa gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa a 2012. Uwa ta yi sabon aure, miji ya ce ba ya riƙon agola; uba ya yi amarya, amarya ta ce ba reno ya kawo ta ba; yara su tattara 'yan tsummokaransu a leda, sai gidan kaka. Ga ci-rani, wanda ya kwashe majiya ƙarfi zuwa Legas da Fatakwal da Libiya da Aljeriya. Mutanen Damagaram ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. Duk mai bin irin wannan hanya akwai waɗanda ya bari a gida, kuma a hannun tsofaffi yake barinsu.

Ku matso ku dubi yinin irin wannan tsohuwa. Kafin assalatu ta tashi, ta hura wuta da kara, ta ɗora kaskon ƙosai, idonta da yana ta fara rufewa yana ta zubar da ruwa saboda hayaƙi. Babbar jikar, 'yar shekara tara, ita ke ɗaukar tire ta bi layi tana talla, makaranta kuwa sai ranar da ƙosai ya ƙare da wuri. Ƙaramin yana goye a bayan da ya riga ya ranƙwafa. In ciniki ya yi kyau a sayi garin masara da kuka. In bai yi ba, ta dama koko ta raba musu, ta ce ita azumi take yi. Maganin hawan jinin da likita ya ce ta riƙa sha kullum, raba shi biyu take yi don ya kai ƙarshen wata, in ya ƙare ta haƙura. Da dare in yara sun yi barci, ita idonta biyu, tambaya ɗaya ke cin ta: in na faɗi, wa zai ɗauke su? Ku dubi kuma dattijon da ya kamata a ce yana zaure ana kawo masa gaisuwa, amma ga shi yana kwanan gadi a ƙofar wani, ko yana tura kurar ruwa, saboda ɗansa ya rasu ya bar masa biyar.

Duk wata iskar tsada da ta kaɗa, su take fara kayarwa. Da aka yi canjin kuɗi a farkon 2023, wanda ke da asusun banki ma ya ji jiki, balle tsohuwar da jarinta ke ƙulle a zane. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu na 2023, kuɗin mota da mudun hatsi suka yi tashin gwauron zabo. In an ce ana rabon tallafi, sai a nemi lambar waya da NIN da BVN, ita kuwa ko ɗaya ba ta da shi. Fansho na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi da maƙeri da mai daddawa da ungozoma, da suka ƙarar da ƙarfinsu wajen riƙe al'umma, babu sunansu a takardar kowa.

A kan wannan duka sai mu ƙara musu da gori. Yaro ya yi rashin ji, a taɓe baki a ce ai goyon kaka ne. Gaskiya ne tsohuwa ba za ta iya bin saurayi ɗan shekara goma sha biyar lungu-lungu ba, ba ta san abin da ke cikin wayarsa ba, ba ta san sunan ƙwayoyin da ake sayarwa a bayan layi ba. To laifin wa ke nan? Mu da muka gan shi zaune da 'yan shaye-shaye muka kau da kai, mu ne muka manta cewa ɗa na kowa ne. Har akwai inda tsohuwar da ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ake nuna ta da baki a ce mayya ce. Wannan zalunci ne a kan zalunci, kuma wajibi ne duk mai imani ya tsawatar in ya ji ana faɗa.

Musulmi ba ya buƙatar a je nesa a nemo masa hujja. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an haife shi mahaifinsa ya riga ya rasu, mahaifiyarsa Amina ta bi baya yana da shekara shida. Wanda ya rungume shi kakansa ne, Abdulmuɗɗalib, dattijon Makka, wanda malaman tarihi suka ce yakan zaunar da shi a kan shimfiɗarsa a inuwar Ka'aba, wurin da manyan 'ya'yansa ba sa zama. Shekara biyu suka yi tare. Da dattijon ya ji alamar tafiya, bai bar maganar a buɗe ba, sai da ya danƙa amanar yaron a hannun ɗansa Abu Ɗalib. Shi kuma Annabi da Allah ya nuna masa nasa jikokin, an gan shi yana salla ɗauke da Umama 'yar Zainab, an ga Hasan da Husaini suna hawa bayansa yana sujada.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, in uwa ta rasu ko ta yi wani aure, renon yaro kan koma hannun kakarsa ta wajen uwa kafin kowa. Amma ciyarwa da tufatarwa suna nan a wuyan uba matuƙar yana raye kuma yana da hali. Shari'a ta ba kaka reno, ba ta ɗora mata cefane ba. Malaman mazhabar ba su ma wajabta wa kaka ciyar da jika ba. Ke nan duk abin da tsofaffin nan ke yi alheri ne tsantsa, bashin wasu suke biya daga aljihun da babu komai a ciki.

Kada kuma wani ya ɗauka tsofaffi hannu kawai suke miƙowa. Da tsohuwar zuma ake magani. Lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tashi kai ilimi ga matan karkara, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa, su ne suka riƙa jagorantar 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma su karantar da na gida. Wannan tsari da ake kira 'Yan Taru a kan kafaɗar tsofaffi ya tsaya, ya kuma rayu bayan rasuwarta a 1864. Baba ta Karo, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Har yau masu neman sanin zaman matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa wurinta suke komawa. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata a unguwar Mbare ta birnin Harare, suna zama a kan benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi ƙwarai.

Mu kuwa muna kallo wannan dukiya tana zubewa. Gidan gandu ya watse, kowa ya kama hayar ɗaki da falo a wata unguwa. Yaro ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai kaf, amma bai san sunan kakan ubansa ba, bai san garin da zuriyarsu ta taso ba. A zauna ɗaki ɗaya da tsohuwa, kowa ya duƙa a kan wayarsa, ta yi magana sau biyu babu amsa, ta ja bakinta ta yi shiru. Alhali a cikin kanta akwai sunan kowane ɗan dangi da yadda aka haɗu. A kan tsoho akwai iyakar gona, da irin geron da ke jure ƙarancin ruwa, da yadda aka tsallake farin 1973 da na 1984, da yadda ake sasanta manomi da makiyayi kafin a zare wuƙa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Al'ummar da matasanta ba sa jin tsofaffinta, tsofaffinta ba sa gane matasanta, kowace fitina ta zo sai ta same ta a rabe.

Saboda haka ga kira, kowa ya ɗauki nasa.

Kai uban da ka ajiye 'ya'ya a wurin tsohuwarka ko surukarka ka juya baya, ka ji tsoron Allah. Ka samu kuɗin lefe, ka samu kuɗin sabuwar waya, na 'ya'yanka ne ya gagara? Ka yanka wani abu tsayayye da za ka riƙa aikawa duk wata ko duk ranar kasuwa, kada ka jira sai an kira ka ana roƙo. Ka kuma zo da ƙafarka, domin yaro yana buƙatar ya ga fuskar ubansa, ya ji tsawarsa, ya ji sa albarkarsa. Ke uwar da kika yi wani aure, kada sabon gida ya mantar da ke tsohon ciki. Ki nemi izini ki riƙa leƙa su, ki yi musu kitso, ki duba littattafansu. Kai kuma mai auren bazawara, ka tuna Manzon Allah ya riƙi 'ya'yan Ummu Salama a gidansa. Riƙon agola lada ne, ba abin gudu ba ne.

Ku dangi, baffa da kawu da gwaggo da inna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In biki ya tashi mun iya fitar da anko, mun iya yanka wa kowa abin da zai kawo, mun iya bin wanda bai biya ba har gida. Mu yi wa marayunmu irin wannan zaman. A kira taro, a faɗa a gaban kowa: wane zai ɗauki kuɗin makaranta, wane zai ɗauki magani, wane zai kai buhu in an yi girbi, wance za ta riƙa zuwa wanki da daka. A kuma yanke tun tsohuwa na da rai wanda zai karɓi yaran in ta Allah ta kasance, yaran su san shi, su saba da gidansa. In mamacin ya bar gona ko fili ko shago, a rubuta, a sa shaidu, a hana mai dogon hannu. Cin dukiyar maraya wuta ce, kowa ya sha jin wannan a wurin wa'azi.

Ku masu unguwanni da dagatai da limamai, babu wanda ya fi ku sanin gidajen nan. Ku rubuta su a littafi: sunan tsoho ko tsohuwa, yawan yara, wanda ke makaranta da wanda ba ya zuwa. In zakka ta fito, in an tara zakkar fidda kai, in an yanka layya, a fara da wannan littafin. A Kano da Sakkwato da Zamfara akwai hukumomin zakka da waƙafi. Ku kai musu sunayen da kanku, ku bi sawu. Kowane masallacin Juma'a da kowace majami'a na iya ware asusu na wannan aiki kaɗai, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Amma a kai taimakon cikin sutura. Dattijuwar da ta shekara saba'in tana kare mutuncinta, kada a tsayar da ita a rana a ɗauke ta hoto da mudun shinkafa a hannu.

Ku matasa, ku ne ƙafar wannan tafiya. Kakanninmu sun san gayya: a taru a nome gonar mai rauni a yini ɗaya. Kowace majalisa a Kano da Zariya da Katsina, kowace fada a Damagaram da Maraɗi da Tawa, ta zaɓi gida ɗaya ta ce wannan namu ne. Kafin damina ku duba rufin ɗaki ku yi yaɓe. Ku ɗebo ruwa, ku faskara itace. Mai babur ya kai tsohuwa asibiti ranar ganin likita. Wanda ya iya cike takarda ya raka ta ta yi katin ɗan ƙasa, ya karɓo wa yara takardar haihuwa, domin rashinta kan tare musu hanya a makaranta da jarrabawa. Ɗalibin jami'a da 'yar sakandare su ware sa'a guda da yamma su zauna da jikokin a kan aikin gida. Wayar nan da ta raba ku da tsofaffi, ku juya ta ta haɗa ku: ku zauna gabansu ku naɗi tarihin gida, da tatsuniyoyi, da sunayen itatuwa da magunguna, da yadda aka kafa unguwarku. Ku tambaya tun akwai mai amsawa.

Ku malaman makaranta, dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Kada a kori jikan tsohuwa saboda yunifom ko kuɗin ƙungiyar iyaye. In yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, a aika gida a ji dalili kafin talla ta cinye ta. Ku kuma buɗe wa tsofaffi ƙofar aji: a gayyato maƙeri da masaƙi da tsohuwar ungozoma da tsohon soja, su ba yara abin da babu a littafi. Malaman allo da na Islamiyya, ku yafe wa maraya kuɗin Laraba, Allah zai mayar muku. Ku ma'aikatan asibiti, in tsohuwa ta kawo jika rigakafi ko awon tamowa, ita ma a auna jininta, a duba idonta, kada a bar ta a ƙarshen layi. Lafiyar yaron a jikinta take rataye.

Ku masu mulki, ba sabuwar doka muke roƙo ba, ta hannu muke so a yi aiki da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, kuma tsofaffi da ƙananan yara suna ciki. A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta kuma fara aiki a 2021. Muna so mu ga waɗannan a ƙofar ɗakin mai ƙosai, da kati a hannunta da na jikokinta. Muna so kowace jiha ta yanka wa tsofaffin da ke riƙe da jikoki kuɗin wata-wata, a biya su a mazaɓarsu ta hanyar da za su iya karɓa. Kada a ce ba zai yiwu ba. Jihar Ekiti ta fara biyan 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata a 2011. Lesoto ta fara biyan duk wanda ya kai 70 tun 2004, Zanzibar ta bi sahu a 2016. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo, wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, ta bi sawun kuɗin tsufa a Afirka ta Kudu, ta gano cewa inda kuɗin ya shiga hannun kaka mace, jikokinta mata sun ƙara nauyi da tsawo. Kuɗin da aka ba tsohuwa a tukunyar yara yake ƙarewa. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, kansila ne ko gwamna, a tambaye shi a bainar jama'a abin da ya tanadar wa waɗannan gidaje, a kuma riƙe amsarsa.

Ku masu hali, gina gidan marayu alheri ne, amma mafi yawan marayunmu ba a can suke ba, suna ɗakunan kakanninsu. Abin da za ka kashe a walimar dare ɗaya zai riƙe irin wannan gida shekara. Ka ɗauki gida ɗaya, ko biyar, ko goma, gwargwadon abin da Allah ya hore maka, ka riƙe su har yaran su tsaya da ƙafarsu. Ka ba tsohuwa jari, ka sa saurayin a shagonka ya koyi sana'a.

Ku iyayenmu kakanni, Allah ya saka muku da gidan Aljanna. Muna roƙonku abu uku. Kada kunya ta hana ku faɗa in kaya ya yi nauyi. Neman haƙƙin jika a wurin ubansa da danginsa ba bara ba ne. Kada ku cire yarinya daga makaranta saboda talla, ko ku aurar da ita don a rage baki, kafin ku kira dangi da mai unguwa a nemi mafita. Kai kuma dattijon da ɗanka ya riga ka rasuwa, ka sani in kana da wasu 'ya'ya maza a raye, jikokin nan ba su da rabo a gadonka. Amma shari'a ta ba ka damar yin wasiyya har kashi ɗaya cikin uku na dukiyarka. Ka kira malami da shaidu ka rubuta musu tun kana da lafiya. Ku kuma saurari yaran zamani ko da maganarsu ta yi muku baƙunta, domin wanda aka saurara shi ne yake saurare.

Ku kuma da kaka ta rena, kuka girma kuka zama malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, kun fi kowa sanin abin da ake faɗa. In taku tana raye, yau ne ranar zuwa, kada ku bari sai an kira ku jana'iza. In ta rasu, ga takwarorinta nan cike da unguwa, ku biya bashinta a kansu.

Kada mu jira gwamnati ta fara, kada mu jira wata ƙungiya daga waje ta zo ta nuna mana tsofaffinmu. Zumunta a ƙafa take. Kafin Juma'a mai zuwa kowa ya yi sallama a gida ɗaya, ya zauna, ya tambayi abin da ya fi damunsu, ya ɗauki wanda zai iya, ya kai sauran gaban dangi da mai unguwa da liman. Yaran nan su ne za su riƙe garuruwanmu gobe, kuma yadda muka bi da masu renonsu haka za su koyi bi da mu ranar da gwiwa ta ƙi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rena mu, ya ƙara wa masu reno lafiya da haƙuri, ya raya marayunmu, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Mu tashi, jama'a!